Rinin ƙwai na Ista: na ci za mu yi ko na ajiya?

Maman Tagwaye:
Barkanmu da yamma 'yan uwa. Shawara nake nema. Saura mako 2 Ista, tagwayena kuma sun tasa ni gaba sai mun rina ƙwai irin wanda suka gani a littafinsu. Bara na gwada, abin bai yi ba. Na dafa ƙwai 12, na zuba kalar abinci a ruwan sanyi na tsoma su. Da na ciro, launin ya yi dabbare-dabbare, nan ya kama, can fari fat. Da Hassanar ta ɗauki guda, sai kalar ta dawo tafin hannunta. Ta dubi ƙwan, ta dubi hannun, ba ta ce uffan ba, amma na ga ranta bai so ba. Bana ina so in fitar da su kunya. A ina na kuskure? Kuma ban da tsomawa a kala, wane ado ne 'yan shekara 6 za su iya da hannunsu?

Malamin Kimiyya:
Sannu Maman Tagwaye. Abu biyu suka ɓata miki aiki, ruwan sanyi da rashin ruwan khal. Ɓawon ƙwai kusan dukkansa kalsiyam kabonet ne, dangin alli, a samansa kuma akwai wata siririyar fata ta furotin da ido ba ya gani. Kalar abinci ba ta kama wannan fatar sai ruwan yana da tsami. Tsamin ne ke sa fatar ta ja kalar ta riƙe, kamar yadda maganaɗisu ke jan allura.

Ga awon: rabin kofi na ruwan zafi, ƙaramin cokali 1 na farin ruwan khal, ɗigo 15 zuwa 20 na kala. Ki bar ƙwan minti 5, kina juya shi da cokali. Amma kar ki ce tunda khal ne sirrin bari ki ƙara. In ya yi yawa zai fara cin ɓawon, ki ga ƙananan kumfa sun lulluɓe shi. Iskar kabon dayoksaid ce ke fita, kuma duk inda kumfa ta zauna kala ba za ta taɓa wurin ba, sai ƙwai ya fito da ɗige-ɗige. Sannan ki wanke hannu kafin ki taɓa su. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya bar tabo.

Maman Tagwaye:
Allah ya saka Malam. Ashe ko ɗigon khal ban sa ba.

Kakar Bakwai:
'Yata, abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, amma ni zan ba ki wanda ba sai kin sayi kala ba. Daga yau ki daina zubar da ɓawon albasa, wannan busasshen na waje mai ƙarar takarda. Ki samu leda kina tarawa. In kin tara na albasa 10 zuwa 12, ki zuba a tukunya da ruwa lita 1, ki bar shi ya yi ta ɓararraka a ƙaramar wuta kamar rabin awa. Ruwan zai koma kamar shayi mai kauri. Ki tace, ki bar shi ya huce, ki sa babban cokali 2 na khal.

Yanzu ga wurin da nake so ki natsu. Ki samo ƙananan ganye masu yatsu, irin na karas. Ki jiƙa ganyen, ki shimfiɗa shi a jikin ɗanyen ƙwai, ki bi shi da yatsa har ya kwanta luf babu inda ya tashi. Ki yanko tsohuwar safar nailan ta mata, wannan shara-shara, ki sa ƙwan a ciki, ki ja ta sosai ta matse ganyen, ki ɗaure da zare ta bayan ƙwan. Matsewar ita ce aikin. In ta yi sako-sako ruwan zai shiga ƙarƙashin ganyen, zanen ya dishe. Ki jera su a cikin ruwan albasar, ya sha kansu, ki dafa minti 15, ki sauke ki bar su a ciki.

Lokacin kwancewa, ki kira yaran su zauna kusa. Ki yanke zaren da almakashi, ki janye safar, ki ɗage ganyen da farce a hankali. Ƙwan zai fito ja mai duhu kamar an goge katako, hoton ganyen kuma fari tas, har jijiyoyinsa wani sa'in. Babbar jikata, ranar da ta fara gani, numfashi ta riƙe har sai da ganyen ya gama ɗagowa. In ya bushe ki ɗiga man girki a tsumma ki murza shi, zai yi sheƙi. Shekaru nake yi, ban taɓa samun guda biyu da suka fito iri ɗaya ba.

Auta:
Kaka wannan ya burge ni wallahi. Jar albasa ko fara?

Kakar Bakwai:
Mai ɓawo ruwan goro ta fi ba da ja mai haske, auta. Ɓawon jar albasa yana ba da ruwan ƙasa mai duhu. Fara kam ba ta da abin bayarwa. Ni haɗa biyun farko nake yi.

Baban Uku:
Ku yi haƙuri in shigo da wata magana, ba don in rage wa kowa jin daɗi ba. Ni abin nan yana damuna. Ƙwai abinci ne. Bara na je gaisuwa wani gida na tarar da kwando cike da rinannen ƙwai a kan tebur, gwanin kyau. Bayan kwana 4 na koma, suna nan inda suke, ɗakin har ya fara canza wari. A gabana aka kwashe aka zubar, sun fi 20. Tun daga ranar na hana a yi a gidana. An ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ni kuma a wurina ƙwai a bakin yaro ya fi ƙwai a kwandon ado. Me muke koya wa yara in suna kallo ana wasa da abinci a zubar?

Maman Tagwaye:
Baban Uku, maganarka ta taɓa ni, don nawa na bara ma 5 muka ci, sauran sun lalace. Amma hanawa gaba ɗaya fa? Yaran suna ɗokin abin sosai.

Nas Mai Ritaya:
Yaya Baban Uku ya taɓo inda ya kamata a fara, tun kafin a yi zancen launi. Kafin ki ɗora tukunya ki yanke shawara: wannan ƙwan na ci ne ko na ajiya? Ba ya zama duka biyun. Mutanen gidan da ya je sun so su haɗa ne, shi ya sa suka yi asara.

In na ci ne, dokokinsa ba su da yawa amma ba a wasa da su. Dafaffen ƙwai ba ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce. A firji yana kai mako 1. Mutane suna ɗauka dafaffe ya fi ɗanye daɗewa, alhali akasin haka ne. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi, fatar nan da Malam ya ambata ita ke toshe su, dafuwa kuma tana raunana ta, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Wanda ya tsage a tukunya kar a rina shi, a ɓare a ci nan take. Kuma duk abin da zai taɓa ɓawon ya zama abin da za ki iya sa wa a baki. Na sha ganin yaran da aka kawo da amai da gudawa bayan biki, ba abin da nake so wa kowa ba ne.

Mai Zane:
In kuma na ajiya ne, Baba, ba sai an yi asarar ko cokali ɗaya ba. Fanko ake rinawa. A wanke ɗanyen ƙwai, a huda ƙaramin rami a tsininsa da allura, a huda wanda ya ɗan fi shi girma a gindin. A zura dogon tsinke a fasa gwaiduwar a kaɗa ta, in ba haka ba ba za ta fito ba. Sai a sa sirinji marar allura a ramin sama ana tura iska a hankali, ruwan ƙwan yana zuba a kwano ta ƙasa. Da sirinji, ba da baki ba, saboda ƙwayar cutar salmonela. Abin da ya zubo a soya a ci a ranar. Fankon a ɗauraye cikinsa da ruwa da ɗan khal, a kife shi ya kwana biyu ya bushe. Ina da waɗanda na yi shekara 9 da suka wuce, suna nan a kwali cikin auduga.

Baban Uku:
To wannan kam ban san da shi ba. Amma fanko ai ba zai nutse a ruwan kala ba.

Mai Zane:
Ba zai nutse ba, gaskiyarka. Shi ya sa masu sana'ar da yawa suke rina shi da cikinsa, sai sun gama su fitar, kuma wannan cikin ba ya ciwuwa. Ni ban bin wannan hanyar. Ina toshe ramukan biyu da ɗigon kakin kyandir don kar kala ta shiga ciki, in danne shi da cokali ko ƙaramin kofi mai ruwa. Ya fi wahala kaɗan, amma ba a zubar da komai.

Baban Uku:
Na ji. Amma har yanzu ina da tambaya, kuma da gaske nake yi: me ya haɗa ƙwai da Ista tun farko? Ko dai kwaikwayo ne kawai muke yi?

Ɗalibar Tarihi:
Baba, amsar za ta yi maka daɗi. A Turai ta da, Kiristoci ba sa cin nama da ƙwai a azumin kwana 40 da ke gaban Ista, kuma mabiya cocin Otodoks har yau haka suke. Kaji kuwa ba su daina saka ƙwai don ana azumi. Sai ƙwai ya taru, a dafa na kwanakin ƙarshe, ranar idi a kai coci a sa masa albarka, a ci, a raba wa maƙwabta da mabuƙata. Ka ga asalin abin ci ne da rabo. A Girka ranar Alhamis ta ƙarshe kafin Ista ake rina su ja, alamar jinin Almasihu, kuma da ɓawon albasa aka saba yi, irin na Kaka. Bayan addu'ar daren idi kowa ya ɗauki nasa, biyu-biyu ana gwara su, wanda nasa bai fashe ba shi ya ci wasa. Daga nan a ɓare a cinye.

Kuma ba Kiristoci kaɗai ke yi ba. A Iran ana jera ƙwai masu launi a teburin Nauruz, sabuwar shekararsu da ke kamawa 20 ko 21 ga Maris. A Masar akwai Sham an-Nasim, Litinin ɗin da ke bin Istar Kibɗawa, Musulmi da Kirista duka suna fita shan iska da rinannen ƙwai. A ƙasar Sin jan ƙwai ake rabawa in jariri ya cika wata 1. Mafi tsufa da aka sani kuwa a Afirka yake: a kogon Diepkloof na Afirka ta Kudu an tono ɓawon ƙwan jimina da aka yi wa zanen layuka, shekarunsa kimanin 60,000. Mutanen wancan zamanin gorar ruwa suke yi da fankon.

Baban Uku:
Madalla 'yata. Wato masu barin shi ya ruɓe a tebur su ne suka bar hanya. In dai za a ci ko a mai da shi fanko, na janye rabin maganata. Rabin da ban janye ba shi ne yawa. Gida mai mutum 5 ba shi da hujjar dafa 30.

Amaryar Bara:
Sallama. Ni kuka na kawo. Na karanta cewa jan kabeji yana rini, na yanka rabi na dafa, ruwan ya yi shunayya mai kyau. Na sa dafaffen ƙwai na jira rabin awa, na ciro shi kusan yadda na sa shi. Na zubar da ruwan cikin takaici. Ƙarya ce ko ni ce ban iya ba?

Malamin Kimiyya:
Ba ƙarya ba ce ƙanwata, gaggawa kika yi. Kabeji ba ya aiki a rabin awa, kwana yake so. Ki tace ruwan ya huce, ki sa babban cokali 1 na khal a kowane kofi, ki zuba a kwalba mai faɗin baki, ki jera ƙwan, ki rufe ki sa a firji har safe. Kuma kar ki sa ran shunayya. Shuɗi za ki gani, shuɗi mai kyau kamar sararin sama bayan ruwa. Sinadarin launin kabejin, antosayanin, yana sauya kama gwargwadon tsami: a cikin tsami ja ne, in tsami ya ragu ya koma shuɗi, in aka sa masa bekin soda ya tafi kore. Ɓawon ƙwai yana kashe tsami, shi ya sa launin da ya zauna a kansa yake zama shuɗi ko da ruwan kwalbar ja ne. Ina nuna wa ɗalibaina wannan duk shekara, ba su taɓa gajiya da shi ba.

Abu ɗaya: in kin ciro, kar ki goge. Launin yana nan laushi kamar ɗanyen fenti, yatsa zai kwashe shi. Ki ɗora a murfin kwalba ya sha iska, in ya bushe ki mayar firji.

Kurkum shi ne mai saurin kamawa. Babban cokali 2 a kofi 2 na ruwa, a tafasa, cikin minti 20 zuwa 30 kin samu ruwan ɗorawa mai haske. In kika ɗauki wanda ya sha kurkum kika kwanar da shi a ruwan kabeji, kore zai fito. Gahawa da baƙin shayi suna ba da ruwan ƙasa. Bitirut ne ke yaudarar mutane: yana rina hannu da tsumma ja wur, a ƙwai kuwa ruwan hoda ne mai rauni, in ya bushe ma ya kan koma ƙasa-ƙasa.

Amaryar Bara:
Kai, ashe rini na zubar. Ƙwaina masu ruwan ƙasa ne, zai yi?

Malamin Kimiyya:
Da albasa zai yi, har ya fi fari zurfin ja. Da kabeji zai fito duhu, tsakanin kore da toka, kurkum kuma da kyar za a gan shi. In shuɗi mai haske kike so sai farin ƙwai.

Kakar Bakwai:
Kun ga abin da nake faɗa. Albasa, kabeji, kurkum, duk abin da ke cikin tukunyar miya. Ni ban yarda da kalar kwalba ba, Malam. Launinta yana da tsawa, ba ya kwantar da ido, kuma ban san me aka zuba a ciki ba.

Malamin Kimiyya:
Mama, a kan kyau ba zan yi jayayya da ke ba, ni ma na albasa ya fi kwanta min. Amma kalar da aka rubuta a jikinta cewa ta abinci ce, ita ce dai ake sa wa a kek da alewa, kuma a ɓawo za ta tsaya. Ga mai tagwaye 'yan shekara 6, akwai amfanin abin da zai fito a minti 5 suna kallo. Yaro ba ya jiran kabeji ya kwana.

Kakar Bakwai:
Nawa suna jira. Da asuba suke tashi su buɗe firji. Jiran ma wani abu ne da ake koya musu.

Nas Mai Ritaya:
Mama, ki bar ni in sa baki a nan, da girmamawa. Ba duk abin da ya tsiro daga ƙasa ne lafiyayye ba. Dabarar ganyen nan taki, in wani ya tsinko ganyen furen ado a bakin hanya ya dafa da ƙwan da za a ci, akwai haɗari, don wasu furannin ado guba ne. A tsaya a ganyen abin da ake ci. Kalar da nake tsoro kuma ba ta abinci ba ce, ta rinin tufafi ce da ake sayarwa a ƙulle babu rubutu. Wannan kar ta kusanci ƙwan ci.

Kakar Bakwai:
Wannan gaskiya ne, kuma ban faɗa ba. Ganyen karas da na na'a-na'a nake amfani da su. A kan kalar kwalba dai ina nan inda nake.

Auta:
Ni a bidiyo na ga wasu guda uku. Ana naɗe ƙwai da yankin tsohon siliki a dafa, zanen ya koma jikin ƙwan. Ana ɗiga jan farce kala-kala a ruwa a tsoma. Ana kuma birgima shi a kumfar aski da aka ɗiga wa kala. Anti Nas, ya kika gani?

Nas Mai Ritaya:
Duka ukun na ajiya ne, auta, a yi su da fanko. Jan farce kuma ba aikin yara ba ne, ko babba ya buɗe taga.

Mai Zane:
Na silikin yana yi, amma sai siliki na gaske, na roba ba ya sakin launi ko za a kwana ana dafawa. Fuskar zanen ce za ta kalli ɓawon, a matse sosai, a ƙara naɗewa da farin ƙyalle, a dafa minti 20 da khal, a danne da faranti don kar ya taso. Mai duhu da ƙananan zane ya fi fitowa.

Amma tunda an zo nan, bari in faɗi wanda ya fi kama zuciyata, aikin kaki na mutanen Yukren da suke kira pisanka. Sunan daga kalmarsu ta rubutu ya fito, don a wurinsu rubuta ƙwai ake yi. Suna da ɗan alƙalami mai ƙaramin mazurari na ƙarfe, kistka, a cika shi da kakin zuma a kara a harshen kyandir. Duk inda kaki ya hau, rini ba ya shiga. Sai a fara da farin ƙwai, a rubuta layukan da ake so su zauna fari, a tsoma a ruwan ɗorawa. A rufe inda ake so ya zauna ruwan ɗorawa, a tsoma a ja. A rufe na ja, a tsoma a baƙi. Daga mai haske zuwa mai duhu, ba a komawa baya. A ƙarshe ƙwan baƙi ƙirin ne, duk kaki, ba ka ganin komai. Sai ka kara shi a gefen harshen wuta, ba a samansa ba don kar hayaƙi ya ɓata shi, kakin ya narke kana sharewa da tsumma, launukan suna buɗewa kaɗan-kaɗan. Na farkon da na yi ya ci min awa 4, layukana duk a karkace, amma da na share kakin hannuna rawa yake.

A 2024 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun gado na duniya. A garin Kolomiya na Yukren akwai gidan tarihi da aka gina da siffar ƙwai saboda ita, a Vegreville ta Kanada kuma an kafa wani ƙaton ƙwai na alminiyum tun 1975.

Ba sai da kistka ba. A soka allura mai kai a roban goge fensir, a tsoma kan a narkakken kaki, a ɗiga a ja da sauri, yana ba da siffar ɗigon hawaye. A jera su a zagaye, fure ya fito. Akwai kuma na kankara, wanda ake yi a Polan: a rina ƙwai da albasa ya yi duhu sosai, a kankare zane da tsinin reza, farin ɓawon ya bayyana. Wannan na manya ne.

Maman Tagwaye:
Yaya Mai Zane, ka sa ni kwaɗayi, amma wuta da reza da tagwaye ba za su haɗu a ɗaki ɗaya ba. Wa zai ba ni na ƙananan hannu?

Malamar Reno:
Ga ni Maman Tagwaye, aikina ke nan. Na farko, matsalar riƙewa. Ki buɗa wayoyin abin kaɗa ƙwai ki tura dafaffen ƙwan ciki, ya zama kamar a keji. Yaro ya riƙe mariƙin ya tsoma, babu faɗuwa, babu rinannen hannu. Ki shimfiɗa tsohuwar jarida, ki sa musu tsofaffin riguna.

Su rubuta sunansu da farar kalar kaki ta 'yan makaranta kafin a tsoma. Ba za su ga rubutun ba sai ya fito daga ruwan, wannan yana sa su ihu. Pisanka ce ta yara. Su naɗa robar ɗaure kuɗi ta ko'ina, a tsoma, a bushe, a cire, layuka sun fito. In kina da haƙuri a cire rabi a sake tsomawa a wata kalar. Wanda ajina suka fi so shi ne na shinkafa: rabin kofi na ɗanyar shinkafa a roba mai murfi, ɗigo 8 na kala, a jefa ƙwai a rufe, su girgiza a hankali suna ƙirga 20. Yana fitowa da ɗige-ɗige kamar ƙwan tsuntsu. In kuma kika zuba cokali 1 na man girki a ruwan kala kika motsa, kika birgima ƙwan sau ɗaya, zai yi rodi-rodi, don inda mai ya taɓa kala ba ta kamawa.

Shawarata ta ƙarshe, kar ki gyara musu. In Hussaini ya haɗa kala 4 ya fito da ruwan taɓo, nasa ne, ki yaba.

Baban Uku:
Shinkafar fa?

Malamar Reno:
Rabin kofin nan yana rina ƙwai 10, Baba, in an gama kuma ina shanya ta, yara su liƙa ta da gam a takarda su yi hoto. Ba ta zuwa shara.

Maman Tagwaye:
'Yan uwa na dawo da labari. Jiya Asabar muka yi gwaji da 6, ban jira idi ba. Biyu da kalar abinci da khal yadda Malam ya auna, sun kama sumul, ko ɗigo bai koma hannu ba. Biyu na shinkafa. Biyu na Kaka, da ɓawon albasar da na roƙa wurin maƙwabciyata don nawa bai taru ba. Ɗaya ganyen ya goce, safar ba ta matsu ba. Ɗayan kuwa, da na ɗage ganyen, Hassana ta kama hannuna ta ce, Mama ke kika zana? Na ce a'a, ganyen ne. Ta ƙi yarda a ɓare shi, sai da na yi alkawarin za mu yi mata na fanko da za ta ajiye. Mun cinye duka da rana. Sai dai na albasar gwaiduwarsu ta yi wani zobe kore-kore a gefe. Lalacewa ce?

Malamin Kimiyya:
Ba lalacewa ba ce, dafuwa ce ta yi yawa. Sinadarin ƙarfe na gwaiduwa ne ya haɗu da farar wutar da ke cikin farin ƙwan. Ba ya cutarwa. In ba kya son ganinsa, ki dafa minti 10 zuwa 12 a ruwan albasar, ki tsame ki jefa a ruwan sanyi da safarsa, in ruwan albasar ya huce ki mayar da su ciki ki sa a firji su ƙarasa shan launi a can.

Kakar Bakwai:
Barka 'yata. Wanda ya goce, ki shafa wa bayan ganyen ɗan farin ƙwai kafin ki shimfiɗa, zai manne.

Baban Uku:
Na nuna wa uwargida wannan zaren. Mun yi shawara za mu dafa 5, kowa ɗaya, mu yi fanko 3 na yara. Mai Zane, in an gama ta yaya ake rataye fankon? Ramin ai ƙarami ne.

Mai Zane:
Ka karya tsinken ashana, ka ɗauki guntun da bai kai tsawon farce biyu ba. Ka ɗaura zare a tsakiyarsa, ka ɗiga gam a ƙullin don kar ya zame. Ka zura guntun a tsaye ta ramin sama har ya faɗa ciki, sannan ka ja zaren a hankali. Tsinken zai juya ya gicciye, ya tokare ɓawon ta ciki. Ka rataye shi nesa da taga, don rana tana cin launin kabeji da na kurkum da sauri.